Gawo Da Zuciyar Manomi: Darasi A Kan Natsuwa A Lokacin Tsanani

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan karo ya shafi wata cuta wadda ba ta kawo zazzaɓi, ba ta fitar da ƙurji, amma tana cin mutum daga ciki kamar yadda gara take cin azara. Sunanta yawan tunani. Wasu suna ce mata damuwa, wasu kuma ƙuncin zuciya. Za mu ga yadda take kama jiki. Sa'an nan za mu ga wata hanya ta rage ƙarfinta, wadda ba a biyan ko dala a kanta, kuma tana nan cikin gonakinmu na Magarya da Dungas.

Mu ɗauki misalin wani magidanci a cikin watan Agusta. Rumbu ya kai ƙasa, gero bai nuna ba. Tiya ta yi tsada a kasuwa. Ƙaramin yaro yana kwance da zazzaɓin cizon sauro. Babban ɗa ya tafi bida, wata uku ba labari. Mutumin nan ya kwanta bayan lisha, barci ya ƙi zuwa. Yana lissafin bashi, in ya gama ya sake somawa daga farko. Har aka kira asuba bai runtsa ba. Da safe ya ɗauki hauya, hannu ba ƙarfi. Matarsa ta yi masa ƴar magana, ya hau ta da faɗa. Kafin la'asar ya je ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa, a kan zai biya da gero in kaka ta yi, bisa farashin da shi kansa ya san an cuce shi. Wanda ya gan shi a hanya zai ce lafiyarsa lau. Alhali kuwa ba lafiya ba ce.

Wannan ba ragonci ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Ƙasarmu ta daɗe tana ganin tsanani. Kakanni sun bar mana labarin Kakalaba, yunwar 1913 da 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973 da 1974. Sun ga na 1984, shekarar da ake kira El Buhari, domin a cikinta ne Najeriya ta rufe iyaka, ga fari ga rufaffiyar hanya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. A 2005 aka sake shiga yunwa bayan fara da ƙarancin ruwa na daminar 2004, kuma a shekarar ce ƙungiyar likitoci na gari na kowa ta soma jinyar yara masu tamowa a Magarya. Iyaka ta sake rufuwa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta kuma rufuwa bayan juyin mulkin Yuli 2023. Wanda abincinsa yake rataye da kasuwar Maigatari ko ta Babura ya san abin da rufe iyaka da faɗuwar naira suke nufi. A daminar 2024 ruwa ya yi yawa, gidaje suka zube, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a watan Satumba. Ga kuma ƙarancin gona: a ƙidayar 2012 mutanen gundumomin Magarya da Dungas sun haura 900,000, gonar da kaka ya noma shi kaɗai yau jikoki goma suke rabawa.

Ruwan sama ba a hannunmu yake ba. Iyaka da darajar kuɗi ma haka. Amma yadda mutum zai riƙe hankalinsa a cikin waɗannan abubuwa, wannan yana da rabo a ciki, kuma ana koyonsa kamar yadda ake koyon karatu.

ABIN DA DAMUWA TAKE YI WA JIKI

In mutum yana sassabe ya ci karo da kububuwa, nan take gabansa zai faɗi. Zuciya ta yi ta bugawa da sauri, numfashi ya gajarta, gumi ya keto, tsokar jiki ta ɗaure. Abin da yake faruwa shi ne, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da suke zaune bisa ƙoda suna zuba sinadarai cikin jini. Likitoci suna kiran ɗaya adiranalin, ɗayan kuma kotizol. Aikinsu shi ne su shirya jiki domin gudu ko domin faɗa. Wannan rahama ce, don da babu shi da maciji ya gama da mu. In haɗarin ya wuce, jiki yakan koma daidai.

Matsalar ita ce jiki ba ya bambanta maciji na gaske da bashin da ake tunani cikin dare. Duk lokacin da mutum ya maimaita abin tsoro a ransa, jiki yakan sake shirin gudu, ga shi kuwa ba inda za a guda. In aka yi makonni a haka, barci ya lalace, abinci ya daina daɗi, kai da wuya da baya su riƙa ciwo. Jini yana iya hawa. Mantuwa ta yi yawa, haƙuri ya ƙare da wuri. Mai shayarwa kan rasa ƙarfin kula da kanta da jaririnta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum 1 cikin kowane 8 a duniya yana fama da wata cuta ta ƙwaƙwalwa ko ta zuciya irin wannan, kuma damuwa da baƙin ciki mai tsanani su ne kan gaba. Ke nan ba ciwon mutum ɗaya ba ne, ba na ƙasa ɗaya ba.

Ga manomi, babbar ɓarnar damuwa ita ce gaggawa. Mai ruɗaɗɗen hankali shi yake sayar da akuyar da take da ciki. Shi yake cin irin shuka. Shi yake sare itacen da zai ciyar da shi shekara talatin domin kuɗin kwana uku. Wasu samari kuma sukan nemi mafaka wajen tramol, su ce yana ba su ƙarfin noma, yana kore tunani. Ƙarya ce mai tsada: ƙwayar tana kama mutum har ya kasa aiki sai da ita, tana jawo farfaɗiya, tana kuma kisa in an sha da yawa.

DARASIN KUTUTTURE

Kafin mu zo kan magani, bari mu tuna wani abu da mutanen wannan yanki suka yi da hannunsu, wanda duniya ta zo tana kallo.

Bayan farin 1984 gonaki da yawa sun zama fili fetal. An sare itace an sayar domin a ci. Iska tana kwasar rairayi tana yanke shuka tun tana ƙarama, har manomi ya yi shuka sau uku ko huɗu a damina guda. Mata suna tafiya mai nisa neman abin hura wuta, wasu sai da kara da kashin shanu. A wancan lokaci kuma doka ta sa itace na gwamnati ne, saboda haka mutum bai ga dalilin renon abin da ba nasa ba.

Duk da haka, ƙarƙashin ƙasa itatuwan ba su mutu ba. Saiwar kalgo da sabara da magarya da aduwa tana nan da rai. Kowace shekara kututture yakan yi toho, kowace shekara mai sassabe ya sare shi ya ƙone. A jihar Maradi, tun daga 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta jawo hankalin manoma a kan wannan. A nan jihar Damagaram kuwa, musamman a ƙasar Magarya da Matamaye da Mirya, manoma da kansu suka soma barin ƴan ƙananan gawo da suke tsirowa daga kashin dabbobi, suna kewaye su da hauya maimakon su tuge. Ba sabon abu ba ne a wurinsu. Tsofaffi suna ba da labarin cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, cikin ƙarni na 19, wanda ya sare gawo ba izini yakan gamu da hukunci mai tsanani.

Wannan aiki shi ake kira sassaben zamani. Masu bincike, cikinsu akwai Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Chris Reij ɗan ƙasar Holan, sun zagaya yankin a wajen 2006, an kuma gwada hotunan da aka ɗauka daga sama na da da na yanzu. Sun ƙiyasta cewa a Nijar an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, kuma kimanin hekta miliyan 1 daga ciki a Magarya da Matamaye da Mirya suke, lokacin Dungas tana cikin gundumar Magarya, don sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Matan wasu ƙauyuka sun shaida musu cewa neman itacen wuta da yake cin musu awa biyu da rabi a yini ya koma rabin awa. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena a gonarsa.

Gawo itace ne mai halin kansa. Da damina, lokacin da kowane itace yake kore, shi sai ya zubar da ganye, ya bar rana ta sauka a kan gero. Ganyen da ya zuba ya zama taki. Saiwarsa tana tara abincin shuka a cikin ƙasa, shi ya sa geron gindin gawo ya fi na fili tsawon zangarniya. Da rani, in ko'ina ya bushe, sai ya yi ganye ya ba da inuwa, ya zubo wa awaki da tumaki ƴaƴa. Yana iya yin haka ne saboda saiwarsa ta nutsa ƙasa da nisa, inda ruwa ba ya ƙafewa.

Ku lura da yadda ake gyaran kututture. Mutum yakan tarar da toho ashirin ko talatin sun fito a cunkushe, kowanne yana jan ruwa, ba wanda zai girma. Sai ya tsaya ya duba. Ya zaɓi biyu ko uku, ko har biyar, waɗanda suka fi ƙarfi da miƙewa. Sauran ya cire su da adda mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsayinsu. Ya ɗaura tsumma domin mai wucewa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni ya dawo ya sake dubawa.

Zuciyar mai damuwa kamar kututturen nan take kafin gyara. Tunani talatin sun taso lokaci guda, kowanne yana shan ƙarfinsa. Aikin da za mu koya yanzu shi ne tsayawa, da dubawa, da zaɓe.

YADDA AKE ZAMAN NATSUWA

Ka zaɓi itace guda a gonarka ko kusa da gida, wanda za ka riƙa komawa gare shi kullum. Da rani gawo ya isa. Da damina ba shi da inuwa, saboda haka ka nemi kanya ko tsamiya ko bedi, ko kuwa ka zauna da sanyin safiya. Ka share wurin saboda ƙaya da kunama. In hadari ya taso ana walƙiya, kada ka zauna gindin kowane itace, don tsawa takan faɗa wa dogon itace.

A nan sai mu yi wata magana a fili, domin mun san za a yi ta a bayanmu. Zama gindin itace ba tsafi ba ne. Ba a roƙon itace komi, ba a kai masa komi. Inuwa ce da shiru kawai ake nema. Malamanmu ma sun daɗe suna horo da tafakkuri, wato mutum ya dubi halittar Allah da idon basira, ya yi tunani a kanta. Wanda ya saba zama bayan sallar asuba da carbinsa ya riga ya san rabin darasin nan.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da ka iso gona, kafin ka sa hauya a ƙasa, ko kuma da yamma in ka tashi aiki. Minti 10 sun isa a farko. In kana da waya ko rediyo, ka kashe. Labarin duniya zai jira ka.

Ka zauna ka jingina bayanka, ka saki kafaɗu, ka saki haƙora, don mai damuwa yakan cije su bai sani ba. Ka ja numfashi ta hanci a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa huɗu, ka bar ciki ya kumbura, ba ƙirji kaɗai ba. Sa'an nan ka saki numfashin a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa shida. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo, nan ne asirin yake. Babban mutum yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Da wannan ƙirga zai sauko wajen sau 6. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta sauka zuwa zuciya da ciki. In ana fitar da numfashi a hankali, jijiyar nan takan sa zuciya ta rage gudu, kamar yadda linzami yake tsai da doki. Ka yi haka sau goma kana ƙirgawa da yatsu. In ka ji jiri, ka dakata ka koma numfashinka na kullum. Alama ce ka ja iska da ƙarfi fiye da kima.

Bayan haka ka buɗe ido da kunne. Ka saurara: kukan tsuntsu iri nawa kake ji? Kurciya ce ko hazbiya? Daga ina iska take busowa? Ka dubi ganyen da yake bisa kanka, ka dubi tururuwa da abin da take ɗauke da shi, ka damƙi ƙasa ka ji danshinta. Ba a son ka yanke hukunci a kan komi. Dubawa kawai. Mai zikiri ya yi zikirinsa a hankali tare da numfashin, kowa da abin da malaminsa ya koya masa.

Tunani zai zo, babu shakka. Bashin nan zai zo, da maganar da maƙwabci ya faɗa maka jiya. Kada ka yi kokawa da shi, kada kuma ka ce ka kasa. Ka gane shi, ka ce a ranka: ga tunanin bashi ya zo. Sai ka mai da hankalinka kan numfashi. Zai sake zuwa, ka sake mayarwa. Wanda ya taɓa kiwon awaki kusa da gonar wani ya san aikin: akuya ta nufi shuka, ka koro ta, ta koma, ka sake korowa, ba tare da fushi ba, don halinta ke nan. Wannan korowar ita ce aikin, kuma ita take ƙarfafa hankali.

Daga ƙarshe sai zaɓe. Yanzu da zuciya ta kwanta, ka ɗauko abubuwan da suke damunka ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka tambayi kanka: wannan akwai abin da hannuna zai iya yi a kansa yau? Tsadar tiya, babu. Rufe iyaka, babu. Waɗannan ka bar wa Mai Shi. Kai yaro likita, akwai. Zuwa wurin mai bin ka bashi ka nemi ya ƙara maka lokaci, akwai. Ka zaɓi guda ɗaya ko biyu, kada su wuce haka, su ne aikin yau. Ku da kuka koyi rubutu kun sami wata dama a nan: ka rubuta su a littafinka. Abin da aka rubuta ba ya buƙatar a yi ta juya shi cikin dare don tsoron mantuwa.

Kafin ka tashi, ka gyara toho guda a gonar. Aikin minti biyu ne. Amfaninsa shi ne ka soma yini da abin da ka gama, kuma abin da zai yi maka rana bayan shekara uku ko huɗu.

Doka guda ga mai wannan zama: babbar shawara, irin sayar da gona ko saniya, ko sakin aure, ko tafiya mai nisa, kada a yanke ta da dare, kada a yanke ta cikin fushi. A bari sai an kwana, an zauna, an kuma yi shawara da wani.

ABIN DA AKA GANI A WASU ƘASASHE

A 1984, shekarar El Buhari tamu, wani mai bincike a Amurka mai suna Roger Ulrich ya duba takardun marasa lafiya 46 da aka yi wa aiki iri ɗaya a wani asibiti. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon itatuwa, rabi kuma tana kallon bango. Masu kallon itatuwa sun riga sauran fita asibiti da kusan kwana ɗaya, kuma ba su sha maganin ciwo mai ƙarfi kamar sauran ba. A Ingila, a wani bincike da aka wallafa a 2019, an tambayi mutane kusan 20,000, aka ga waɗanda suke yin aƙalla awa 2 a mako a cikin itatuwa ko bakin ruwa sun fi ba da labarin lafiya da kwanciyar rai.

Mai karatu zai ce: to ai ni yini nake a gona, me ya sa ban warke ba? Tambaya ce mai kyau. Waɗancan yawancinsu mutanen birni ne da itace ya yi musu nisa. Mu itace bai yi mana nisa ba, hankalinmu ne yake yin nisa. Mutum yana iya yini a fadamar Wacha ko ta Guci, tsakanin rake da goriba da ruwa, alhali zuciyarsa tana kasuwa tun safe. Jiki a gona, rai a wani wuri, wannan ba ya magani. Shi ya sa muka ce a kashe waya, a ƙirga tsuntsaye.

MATA, DA MAGANAR ABOKIN SHAWARA

Mace za ta ce ina ta ga minti 10, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga goyo. Gaskiya ce, kuma nauyin nan ba nata ba ne ita kaɗai. Maigida da yake son zaman lafiyar gidansa ya karɓi yaro na ɗan lokaci, ko ya sa babbar ƴa ta karɓa. Ke kuma, uwargida, in ba ki fita gona, zogalen da yake bayan ɗaki ko bedin tsakar gida ya wadatar. Numfashin nan ana yin sa ana shayar da jariri. Ana yin sa a bakin rijiya ana jiran layi.

Shiru kuma ba shi kaɗai ne magani ba. A ƙasar Zimbabuwe, masu harshen Shona suna da kalma guda ta wannan ciwo, ma'anarta daidai da tamu: yawan tunani. A birnin Harare, daga 2006, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zo ya zauna, kaka ta saurare shi, su jera matsalolinsa, su zaɓi guda su nemi hanyarta. Da aka auna aikin, aka ga mutane da yawa sun sami sauƙi ƙwarai. Mu ma muna da tsofaffi, muna da inuwa. Abin da yakan hana mu shi ne tsoron a ji sirrinmu a bakin rijiya. Saboda haka a zaɓi mutum guda mai riƙe amana. Wanda aka zaɓa kuma ya sani: sauraro ake so a wurinsa kafin nasiha, kuma kalmar "yi haƙuri" ba ta isa a sallami mutum da ita ba tun bai gama magana ba.

INDA ZAMAN NATSUWA BAI ISA BA

Kada wani ya fahimce mu a karkace. Numfashi ba ya cika rumbu, ba ya kashe ƙwayar zazzaɓi. Yaro mai zafin jiki, ko mai ramewa, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura, likita za a kai shi a ranar, ba gindin itace ba. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa yana zuwa awo.

Akwai kuma damuwar da ta wuce ƙarfin mai ita. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kullum, ba ya jin daɗin komi, ba ya ci, ba ya barci, ya daina fita gona ko shiga mutane, wannan ciwo ne da ake yi wa magani. Haka mace mai jego da take yawan kuka, ko ta juya wa jaririnta baya. Haka wanda yake jin muryoyin da ba kowa yake ji ba, ko wanda tramol ya kama. A kai su likita mafi kusa, a faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da ake gani. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura su asibitin gunduma ko babban asibitin Damagaram. Addu'a ba ta hana zuwa likita. Ɗaure mutum da mari ko dukansa kuwa ba ya fitar da ciwo, ƙara shi yake yi.

In kuwa mutum ya soma cewa gara ya mutu, ko ya gaji da duniya, kada a ɗauka wasa ne, kada a yi masa tsawa. A zauna da shi, kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari da na ɓera da igiya daga inda hannunsa zai kai, a kai shi likita ba tare da jinkiri ba. Dama dai maganin feshi ba a ajiye shi cikin ɗakin kwana ko kusa da abinci. A kulle shi wuri na dabam.

AIKIN AJI

A wannan mako kowane ɗalibi ya buɗe sabon shafi a littafinsa. A sama ya rubuta sunan itacen da ya zaɓa. Kowace rana da ya zauna ya ja layi guda, ya rubuta aiki ɗaya da ya zaɓa a ranar, da yadda barcinsa ya kasance a daren jiya. Ya kuma ƙirga kututturen da suke da toho a gonarsa, ya rubuta adadinsu da irinsu: kalgo nawa, sabara nawa, gawo nawa. Ranar haɗuwa ta gaba a zo da littattafan, malami ya tara adadin na dukan aji a kan allo, a ga itace nawa garin zai iya renawa kafin faɗuwar ruwa.